Da wane mudu ake auna ci gaban ƙasa?

Ɗalibar Ilimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, ina so masana cikinmu su warware mini. Sai a ji a labarai cewa tattalin arzikin ƙasa kaza ya bunƙasa da kashi 6 ko 7 cikin ɗari, ana ta yaba wa gwamnatinta. Ba a jima ba sai wani rahoto ya fito ya ce ƙasar nan dai tana can ƙarshen layi wajen ci gaban ɗan Adam. To wanne ne gaskiya? Ko dai bunƙasar arziki daban, ci gaba daban? In haka ne, da wane mudu ake auna kowannensu, kuma wa ya ƙera mudun?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Duka biyun gaskiya ne, abin da kowanne yake aunawa ne ya bambanta. Wancan kashi 6 ko 7 da kike ji, ma'aunin GDP ne. Ana tattara darajar duk kaya da ayyukan da aka samar a cikin iyakokin ƙasa a shekara guda, a mayar da su kuɗi, a cire tasirin hauhawar farashi, sannan a kwatanta da na bara. In aka raba jimillar da yawan jama'a sai a samu abin da ya faɗo kan mutum ɗaya. Ki fara riƙe wannan: in arziki ya ƙaru da kashi 3, jama'a ma suka ƙaru da kashi 3, to ana nan inda ake, ba a gusa ba.

Lissafin ba wani tsoho ba ne. Lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, Amurka ta ga tana lalube cikin duhu, ba ta san girman ɓarnar da ta same ta ba. Sai aka ɗora wa wani masanin tattalin arziki, Simon Kuznets, aikin ƙididdige kuɗin shigar ƙasa, ya miƙa wa majalisar dokoki rahoto a 1934. A cikin rahoton shi da kansa ya ja kunne cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga wannan adadi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu duniya ta rungumi mudun, jan kunnen kuwa aka bar shi a takarda.

Tsohon Malami:
Allah ya yi maka albarka, Mai Lissafi. Bari in ɗora daga inda ka tsaya, don ni a wurin raba jimilla da yawan jama'a na fi ganin yaudara. Ki ɗauka mutum goma ne a ɗaki. Tara daga cikinsu kowanne yana samun dala 1,000 a shekara, na goman yana samun dala 91,000. Jimilla 100,000, rabon kowa 10,000. A takarda kowa na cikin wadata, a zahiri mutum tara kashi ɗaya cikin goma kacal na abin da aka rubuta musu suka gani. Gobe in mai kuɗin ya ninka samunsa, za a sanar da cewa ɗakin ya bunƙasa.

Shi ya sa a 1969 wani masani ɗan Ingila, Dudley Seers, ya ce tambaya uku za a yi wa duk ƙasar da ta ce ta ci gaba: me ya faru da talauci, me ya faru da rashin aikin yi, me ya faru da tazarar da ke tsakanin masu hannu da shuni da talakawa? In waɗannan sun taɓarɓare, ya ce abin mamaki ne a kira sakamakon ci gaba, ko da kuɗin shiga ya ninka.

Misali a fili shi ne Ikwatoriyal Gini. Man fetur ya ɓarke mata a tsakiyar shekarun 1990, jama'arta kaɗan ne, sai rabon mutum ɗaya ya yi tashin gwauron zabi, har Bankin Duniya ya taɓa sa ta a sahun ƙasashe masu babban kuɗin shiga. Amma mutuwar ƙananan yara da rashin tsabtataccen ruwan sha sun ci gaba da kama da na ƙasashen da ba su da ko ɗigon mai.

Abu Yasir:
Baba, ranka ya daɗe, ban musa maka misalin ba, amma ina tsoron kada mu rena abin da bai kamata a rena ba. Da me za a gina asibiti? Da me za a biya malamin makaranta? Sai an samar kafin a raba. Koriya ta Kudu a 1960 talauci ya yi mata katutu, kuɗin shigarta bai wuce na ƙasashen Afirka da dama ba. Ta kafa masana'antu, ta riƙa fitar da kaya waje, a 1996 ta shiga ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki. Sin kuma tun daga 1978 da ta sake fasalin tattalin arzikinta, Bankin Duniya ya ƙiyasta kusan mutum miliyan 800 sun fita daga matsanancin talauci cikin shekara 40. Ba a taɓa ganin irinsa ba a tarihi, kuma bunƙasar da ake rainawa ce ta kawo shi. A nuna mini ƙasa ɗaya da ta kori talauci ba tare da arzikinta ya ƙaru ba.

Maman Husna:
Abu Yasir, ba wanda ya ce arziki bai da amfani. Abin da ke damuna shi ne abin da mudun yake gani da wanda ba ya gani. Ni aikin jinya nake yi. In aka yi mummunan haɗarin mota, kuɗin magani da na tiyata da na gyaran mota duk suna shiga GDP, wato ya ƙaru. In uwa ta kwana uku ba barci tana jinyar ɗanta a gida har ya warke, babu abin da aka rubuta, kamar ba a yi komai ba. Raino, girki, ɗiban ruwa, kula da tsofaffi, duk aikin da gida ke tsaye a kansa, kuma mafi yawansa mata ke yi, ba ya cikin lissafi saboda kuɗi bai canza hannu ba. Wani masani, Arthur Pigou, ya daɗe da nuna wannan: in mutum ya auri matar da yake biya tana yi masa aikin gida, kuɗin shigar ƙasa zai ragu, alhali aikin bai ragu ba ko kaɗan.

Haka in aka sare daji aka sayar da katako, ana rubuta ribar, ba a rubuta dajin da ya tafi. Ku duba tsibirin Nauru. A shekarun 1970 yana cikin wuraren da rabon mutum ɗaya ya fi yawa a duniya saboda ma'adinin fosfat. Aka haƙe shi tas, mafi yawan ƙasar ta zama ramuka da duwatsun da ba sa nomuwa, kuɗin kuma ya salwanta. Duk shekarun da suke cin jarinsu, takarda tana cewa riba suke ci.

Ɗalibar Ilimi:
Na gode ƙwarai, Anti. Wannan na uwa mai jinya ya taɓa ni. To Yaya Mai Lissafi, ɗaya mudun fa, na ci gaban ɗan Adam? Shi me ya ƙunsa?

Mai Lissafi:
Shi ne HDI. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta fara fitar da shi a 1990. Wanda ya tsaya kai da fata a kansa shi ne Mahbub ul Haq, tsohon ministan kuɗin Pakistan, tare da abokinsa Amartya Sen na Indiya. Shi Haq ya gani da idonsa yadda arzikin ƙasarsa ya bunƙasa a shekarun 1960 amma ya taru a hannun iyalai 22, kamar yadda ya faɗa a 1968. Sen da farko bai so a matse rayuwar mutum cikin lamba ɗaya ba. Haq ya ce masa ba abin da zai ture lamba ɗaya daga bakin 'yan siyasa sai wata lamba ɗaya wadda ta damu da mutane.

Ƙafa uku gare shi. Ta farko lafiya: shekarun da ake sa ran jaririn da aka haifa yau zai rayu, ana auna su tsakanin 20 da 85. Ta biyu ilimi, kuma kashi biyu ce: shekarun da manya 'yan 25 zuwa sama suka yi a makaranta, iyakarsu 15, da shekarun da ake sa ran yaro mai shiga makaranta zai yi, iyakarsu 18. Ta uku kuɗin shigar mutum ɗaya, daga dala 100 zuwa 75,000, bayan an daidaita shi da abin da kuɗin ke iya saya a kowace ƙasa, tunda dala ɗaya ba ƙarfi ɗaya gare ta a ko'ina ba. Kowace ƙafa ana mayar da ita lamba tsakanin 0 da 1, a haɗa. Ƙasar da ta kai 0.800 tana sahun gaba, wadda ta gaza 0.550 tana sahun baya.

Akwai dabara biyu a ciki da nake so ki lura da su. Ta farko, ba a ba kowace dala nauyi ɗaya ba. Ƙarin dala 1,000 ga mai samun 1,000 yana ɗaga maki sosai, ga mai samun 60,000 kuwa da kyar ake ganinsa. Ta biyu, tun 2010 an daina tara ƙafafun uku a raba uku, ninka su ake yi da juna a fitar da tushe na uku, wato lambar da in aka jera ta sau uku aka ninka za ta ba da wannan sakamakon. Ƙasa mai 0.9 da 0.9 da 0.3, a tsohon lissafi za ta samu 0.7, a sabo kuwa kusan 0.62. Manufar ita ce kada kuɗi ya rufe wa ƙasa asirin jahilci ko gajeren rai.

Tsohon Malami:
A ƙafar ilimin nan nake da ƙorafi, kuma ƙorafin wanda ya shekara fiye da talatin riƙe da alli ne. Shekarun zama a aji ake ƙirgawa, ba abin da ya shiga kai ba. Na sha karɓar yaro ya gama shekara shida a firamare, in ba shi jimla ɗaya ya kasa karantawa. A HDI shekarunsa shida cif aka rubuta masa, daidai da yaron da ke karanta littafi shi kaɗai. Wannan yana ci mini rai har yau. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin kuɗin shiga ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Kafin annobar korona ma kashi 57 ne. Gwamnati tana iya cika azuzuwa, makinta ya hau, a yi mata tafi, yaran kuma su fito hannu rabbana. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abu Yasir:
Baba ya kawo ni inda nake so. In kuka jera ƙasashe bisa HDI, kuka sake jera su bisa kuɗin shiga, jerin biyu kusan ɗaya ne. Norwe da Suwizalan da Aisilan ne a sama a wannan, su ne dai masu kuɗi a wancan. To me sabon mudun ya ƙara mana?

Mai Lissafi:
Kusan ɗaya ne, amma amfanin yana wurin da suka saɓa. Kosta Rika ba ta kai ko kusa da Amurka a kuɗin shiga ba, amma tsawon rai a can kusan shekara 80 ne, ya kai na Amurka har ya ɗara. Ta rushe rundunar sojanta a 1948, ta zuba kuɗi a asibitocin matakin farko da makarantu. Jihar Kerala ta Indiya da Siri Lanka su ma sun kai ga tsawon rai da iya karatu tun suna talakawa. Wani masani, Samuel Preston, ya nuna tun 1975 cewa a ƙasashe matalauta ƙarin kuɗi kaɗan yana ƙara shekarun rayuwa da yawa, amma in aka kai wani mataki sai layin ya kwanta. Daga nan yadda ake kashe kuɗin ya fi yawansa tasiri.

Sai dai zan ba ka taka gaskiyar. Siri Lanka ɗin nan a 2022 ta kasa biyan bashinta na waje, mai da magani suka yi wuya, makinta na HDI kuwa bai hango komai ba. Tsawon rai da shekarun makaranta a hankali suke motsi, ba sa kururuwa in gobara ta tashi. Mai son ya san halin da baitulmali yake ciki, dole ya koma wa GDP da bashi da kuɗin ajiya.

Maman Husna:
Kuma shi ma HDI ai matsakaici ne, ko ba haka ba? Ɗakin mutum goma na Baba yana nan a cikinsa.

Mai Lissafi:
Haka ne, Hajiya. Shi ya sa a 2010 aka ƙara masa 'yan rakiya. Akwai wanda ake rage wa ƙasa maki gwargwadon rashin daidaiton da ke cikinta. Akwai kuma ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, wanda aka tsara tare da jami'ar Oxford. Shi gida-gida yake bi da tambaya goma: ko akwai mai fama da tamowa, ko yaro ya rasu, shekarun karatu, zuwan yara makaranta, makamashin girki, banɗaki, ruwan sha, lantarki, ginin gida, da 'yan kadarori. Gidan da ya rasa kashi ɗaya cikin uku na nauyin waɗannan, talaka ne ko nawa ya shigo aljihunsa. Ya fi layin talauci na Bankin Duniya faɗin hoto, wanda ya fara da dala 1 a rana a 1990, ya koma 1.90 a 2015, 2.15 a 2022, sannan dala 3 a 2025. Don tazara kuma akwai ma'aunin Gini, daga 0 in kowa samunsa ɗaya zuwa 1 in mutum guda ya kwashe duka. A 2014 Afirka ta Kudu tana kusan 0.63, cikin mafi muni a duniya.

Amma tunda aikina ke nan, bari in faɗa muku abin da ya fi hana ni sakat, wato ingancin alƙaluman kansu. A 2010 Ghana ta sabunta shekarar da take gina lissafinta a kai, GDP ɗinta ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin ɗari dare ɗaya. A 2014 Najeriya ta matsar da tata daga 1990 zuwa 2010, aka shigar da harkar wayar salula da fina-finai yadda ya kamata, adadin ya tashi daga kusan dala biliyan 270 zuwa 510, ta wuce Afirka ta Kudu. Ba wanda ya wayi gari da ƙarin ko sisi, lissafin baya ne ya tsufa. Ba ƙasashe masu tasowa kaɗai ba. A 2016 Ailan ta sanar cewa arzikinta ya bunƙasa da kashi 26 cikin ɗari a 2015, saboda manyan kamfanonin waje sun mayar da rajistar kadarorinsu can. Abin ya kai sai da hukumar ƙididdigarta ta ƙirƙiro wani ma'auni na daban don ta san ainihin abin da ke hannun 'yan ƙasa.

Ɗalibar Ilimi:
To me zai hana a tambayi mutane kawai ko suna jin daɗin rayuwarsu? Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ji an ce Butan farin cikin jama'a take aunawa.

Tsohon Malami:
Tana aunawa, 'yata. Sarkinsu na huɗu ne ya fito da batun tun shekarun 1970, har ya shiga kundin tsarin mulkinsu a 2008. Akwai hikima a ciki, amma ki haɗa da wannan: a farkon shekarun 1990 kusan mutum 100,000 masu jin harshen Nepal suka bar Butan ala tilas, suka shekara da shekaru a sansanonin gudun hijira. Wanda aka kora ba ya cikin waɗanda ake tambaya.

Akwai kuma matsala ta biyu da Sen ya yi ta nanatawa. Wanda ya daɗe cikin ƙunci yakan rage burinsa ya daidaita da abin da ya samu. Ki tambaye shi, ya ce lafiya lau, kuma ba ƙarya yake yi ba, haƙuri ne ya zame masa jiki. Haƙuri hali ne mai kyau, amma bai halatta gwamnati ta ɗauke shi shaidar cewa ta sauke nauyi ba. Shi ya sa Sen ya ce a duba abin da mutum yake da ikon yi da ikon zama: ya rayu cikin lafiya, ya karanta, ya zaɓi sana'a, ya faɗi ra'ayinsa ba tare da tsoro ba. Mai azumi da wanda ya rasa abinci duk cikinsu babu komai, amma ɗaya zaɓa ya yi. Sen yana yaro ya ga yunwar Bengal ta 1943 da ta kashe kusan mutum miliyan 3, daga baya ya nuna cewa ba ƙarewar abinci ce ta kashe su ba, rashin ikon saye ne. Ya kuma lura cewa ba a yin gagarumar yunwa a ƙasar da ake zaɓe na gaskiya kuma jarida ke da baki. Wannan 'yancin babu shi a HDI ko kaɗan. Ƙasa tana iya ɗaure duk mai sukarta ta kuma samu 0.850.

Abu Yasir:
Na yarda da wannan, Baba. Amma kun ga inda muka dosa? Muradun ƙarni, wato manufofin ci gaba da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauka a 2000, guda 8 ne. Waɗanda suka gaje su a 2015 guda 17 ne, da ƙananan manufofi 169. In aka ce komai ne ci gaba, kowace gwamnati za ta tsinci guda biyar da ta yi ƙoƙari a kai ta buga ganga. Ni dai a ba ni lamba ɗaya da za a kama shugaba da ita. In ba GDP ba, wacce?

Maman Husna:
In dole sai ɗaya, ni zan ɗauki yawan yaran da ke mutuwa kafin su cika shekara biyar cikin kowane dubu da aka haifa. Ba don aikina ba ne kawai. Kafin yaro ya kai shekara biyar da rai, abubuwa da yawa sai sun yi daidai: uwarsa ta ƙoshi, ta samu mai karɓar haihuwa, ruwan da yake sha ya zama mai tsabta, rigakafi ya iso da sanyinsa, akwai hanyar da za a kai shi asibiti cikin dare, uwar kuma ta yi karatun da za ta gane alamar haɗari. Kuma wannan adadi mai kuɗi ba ya iya ja wa talaka shi sama. Attajiri yana iya samun kuɗin mutum dubu, amma ɗansa rai ɗaya gare shi, sau ɗaya za a ƙirga shi. A 1990 yara fiye da miliyan 12 suka mutu a duniya kafin shekara biyar, a 2022 adadin ya sauko ƙasa da miliyan 5. Ni in an ce mini duniya ta ci gaba, wannan nake gani.

Mai Lissafi:
Hajiya, tarihi ma ya goyi bayanki. A farkon shekarun 1970 mutuwar jarirai ta fara hawa a Tarayyar Sobiyet, a daidai lokacin da alƙaluman masana'antunta ke nuna ƙarfi. Hukumomi suka daina wallafa adadin. Wani Bafaranshe, Emmanuel Todd, ya dubi wannan a 1976 ya ce ƙasar ta kama hanyar rushewa, shekara 15 kafin ta rushe.

Abu Yasir:
Na karɓa, amma da sharaɗi. Ana iya sauke wannan adadi da rigakafi da gidan sauro na tallafin waje, yaran su rayu, su girma, su tarar babu aikin yi. A ajiye mini shi gefe ɗaya da yawan matasan da ke da aikin da zai riƙe su.

Ɗalibar Ilimi:
Saura tambaya ɗaya, Yaya. A ƙasashen da ba a yi wa yawancin haihuwa da mutuwa rajista, ta yaya ake sanin yara nawa suka rasu?

Mai Lissafi:
Ta binciken gida-gida, wanda akan yi kusan duk bayan shekara biyar. Ana zaɓen gidaje dubbai da za su wakilci ƙasa, a zauna da mata 'yan shekara 15 zuwa 49, a bi haihuwarsu ɗaya bayan ɗaya: yaushe aka haife shi, yana raye, in ya rasu yana da wata nawa. Daga amsoshin ake fitar da adadin ƙasa baki ɗaya. Rauninsa shi ne jaririn da ya rasu a kwanakin farko sau da yawa ba a ambatarsa, sai adadin ya fito ƙasa da gaskiya.

Maman Husna:
Ba mantawa suke yi ba, Malam. Na sha yin wannan tambayar a ɗakin awo. In kika ce wa mace 'ya'yanki nawa, rayayyu za ta lissafa miki. Sai kin sassauta murya kin ce haihuwa nawa kika yi, sannan ta yi shiru kaɗan, ta faɗa miki sauran, har da wanda bai kwana biyu a duniya ba. Mai tambayar da ke sauri don ya cike takarda ba zai taɓa jin wannan amsa ta biyu ba.